Ɗan Ina-da-Kisa Mai Goyon Jariri: A Yi Dariya ko A Yi Tsaki?

Duk mai kai wayarsa shagon masu turin finafinai, daga Gidan Mutum Ɗaya zuwa cikin Kankiya, ko a garin Kusada, ya taɓa cin karo da wannan zubin labari, ko da bai riƙe sunan fim ɗin ba. Magidanci ne mai sanyin hali, yana kai yara makaranta, uwargida na yi masa faɗan ya manta cefane, maƙwabta kuma na ganin ko kaza ba zai iya yankawa ba. Ashe ɗan ina-da-kisa ne, ko dai yana kan sana'ar, ko ya bar ta ya ɓoye. Ranar da tsofaffin abokan aikinsa suka gano maɓoyarsa sai ya shiga kakkaɓe su ɗaya bayan ɗaya, yana kuma kaffa-kaffa kada iyali su farga. Daga wannan kaffa-kaffar dariyar take fitowa.

Amurkawa sun daɗe suna cin kasuwa da shi. A 1994 Arnold Schwarzenegger ya fito a True Lies, jami'in asiri wanda matarsa ta ɗauka dillalin kwamfuta ne. A 2005 aka yi Mr. & Mrs. Smith, inda Brad Pitt da Angelina Jolie suke miji da mata, kowannensu makashin haya, kowanne na ɓoye wa ɗan'uwansa, fim ɗin kuma ya tara sama da dala miliyan 450. A Disambar 2023 Mark Wahlberg ya fito a The Family Plan, mai sayar da motoci a garin Buffalo, uban 'ya'ya uku, wanda ya yi dambe da makashin haya a cikin kanti da jaririnsa ɗaure a ƙirji. Indiyawan kudu, waɗanda finafinansu ne suka fi yawa a cikin abin da ɗakunan fassara na Kano irin su Algaita suke juyawa zuwa Hausa, suna da nasu. Mafi dacewa da maganarmu shi ne Athadu na 2005, wanda Trivikram Srinivas ya ba da umarni. Mahesh Babu ne Nandu, makashin haya da aka ɗora wa kisan wani ɗan siyasa. Yana gudu a jirgin ƙasa sai harsashin 'yan sanda ya sami wani saurayi mai komawa gida bayan shekaru goma sha biyu da ɓacewa. Nandu ya ɗauki sunan mamacin, ya je ƙauyensu, ya zama jikan gidan.

Idan irin wannan labari ya bi ta bakin masu fassara, barkwancinsa ninkuwa yake, domin sukan zuba habaici da zaurancen 'yan birni a inda asalin fim ɗin bai ce komai ba. To, a kan wannan ne ra'ayi ya rabu, kuma rabuwar ba ta tsofaffi da yara ba ce kawai. Akwai malaman makaranta a kowane ɓangare, akwai iyaye mata a kowane ɓangare.

Abin da masu goyon baya ke cewa

Hujjarsu ta farko ita ce Bahaushe bai fara yi wa mugu dariya a kan allon waya ba. Gizo maƙaryaci ne, maci amana, yana cutar zaki da kura, yana cutar Ƙoƙi matarsa, amma da shi kakanni suka reni jikoki. Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta yana malami a Midil ta Katsina, cike yake da damfara da ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, kuma shekara da shekaru ana karanta shi a aji. Muhammadu Gambu na ƙasar Kabi ya yi suna ne da waƙar ɓarayi, Kassu Zurmi ya wasa 'yan tauri da ɓarayi, alhazai da masu sarauta sun saurara sun yi dariya, ba a kuma ji sun tsallaka katangar kowa ba. Mai sauraro ya san bambancin wasa da gaske. Wanda ya ce ɗan Kusada ba zai gane fim fim ne ba, in ji su, ya raina masa hankali.

Ta biyu ta fi wannan armashi. Sun ce a cire bindigar a ga abin da ya rage: labarin gida ne. Mutum ne da ke ɗauke da wani abu da ba zai iya gaya wa matarsa ba, yana tsoron ranar da za ta sani. Wane magidanci ne bai san wannan tsoro ba? Wani bashi ya ci ya ɓoye, wani an sallame shi daga aiki yana ci gaba da fita da safe, wani ya tafi ci-rani Legas yana gadi ko turin baro ya ce wa gida kasuwanci yake. (Ban ma ambaci mai neman ƙarin aure a ɓoye ba, wanda shi kam kaffa-kaffarsa ta fi ta Mark Wahlberg.) Dariyar da ake yi ta gane kai ce. Fim ɗin ya ɗauki ƙaramin sirrin kowa ya kumbura shi har ya zama abin ban dariya, mai kallo ya sami sauƙi.

Suna kuma nuna inda labarin yake fuskanta. Jarumin ba ya alfahari da sana'arsa, gudunta yake. Abin da yake so a duniya shi ne ya wanke mota, ya halarci taron iyayen yara, ya ci tuwon dare da iyalinsa. A Athadu, yaron da ya tashi a titi ba uwa ba uba ya fara sanin daɗin a kira shi jika. Saƙon da matashi zai ɗauka, a ganinsu, shi ne wanda ya fi kowa iya harbi ma kwaɗayin zaman lafiyar talaka yake. Sannan mutanen da suka kwana da fargaba, suka yini da tsadar taki da ta fetur, ba su cancanci awa biyu na dariya ba?

Martanin masu adawa

Su kuma sun ce duk wannan zance ne na wanda yake zaune a inda mutum mai fuska biyu tatsuniya ne. A jihar Katsina yana da suna, infoma ake ce masa. Shi ne wanda kuke sahu ɗaya a masallaci, ya zo barkar sunan ɗanka, ya san ranar da ka sayar da shanu ko ka kwashe waken suya, ya kuma san lambar da zai kira. Da ɗan gari akan ci gari. Matsalar da a da ake jin labarinta daga Batsari, Safana, Ɗanmusa da Jibiya ta matso ta Matazu da Musawa har ƙauyukan Kankiya da Kusada sun ɗanɗana. A irin wannan wuri, fim ɗin da ke cewa maƙwabcinka mai fara'a makashi ne, kuma wannan abin dariya ne, yana taɓa gyambon da bai warke ba. Sukan tuna da Evans, mai garkuwa da mutanen da aka kama a unguwar Magodo ta Legas a Yunin 2017, wanda ya zauna cikin masu hali a matsayin ɗan kasuwa mai iyali, har kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2022. Shi ma uba ne. Waɗanda ya ɗaure wata da watanni ba su ga abin dariya a ubancinsa ba.

Kisan ɗauki ɗai-ɗai ma ba baƙonmu ba ne. An harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam a masallacinsa na Ɗorayi a Kano yana jan sallar asuba ranar 13 ga Afrilu 2007. An tare Sheikh Albani Zariya a hanya a Fabrairun 2014, aka kashe shi tare da matarsa da ɗansa. Waɗanda suka ɗana kunamar bindigar sun koma wani gida a daren, wataƙila ma an ajiye musu abinci.

Game da Gizo da Gambu, masu adawa sun ce kwatancen bai zauna ba. Ba yaron da ya taɓa burin zama Gizo, domin sau da yawa da kunya yake ƙarewa, mai tatsuniya kuma yakan rufe da shaida wa yara cewa ƙarya ya shirga. Gambu waƙa ce a kunne, ba ta nuna maka yadda ake riƙe wuƙa, shi kansa kuma ya bar waƙar ɓarayin kafin rasuwarsa. Jarumin fim kuwa kyakkyawa ne, tsaf-tsaf, mota mai sheƙi, budurwa na binsa, ba ya kuskuren hari. Abin da ya fi damunsu shi ne aikin da barkwanci ke yi wa jini. Wani babban bincike da jami'o'in Amurka suka yi kan shirye-shiryen talabijin ɗinsu a tsakiyar shekarun 1990 ya gano cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na wuraren da aka nuna tashin hankali an haɗa su da raha, sama da kashi 70 kuma ba a nuna nadama ko hukunci a wurin ba. Mutum ya faɗi matacce, mai fassara ya jefa habaici, ɗaki ya kwashe da dariya. A yi haka sau ɗari, sau dubu, a gaban yaro ɗan shekara goma da ke leƙen wayar yayansa, tunda memori ba ya tambayar shekarun kowa. Ba su ce yaron zai zama makashi ba. Sun ce tsigar jikinsa za ta daina tashi.

Masu goyon baya sun dawo

A nan ne suke ganin sun sami lagon abokan muhawararsu. Ɓarayin daji ba a gidan kallo aka yaye su ba. Kowa ya san tushen abin: satar shanu, cinye burtali da makiyaya, ramuwar gayya tsakanin Fulani da 'yan sa-kai, makaman da suka malalo yankin Sahel bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, zinaren Zamfara, da kotuna da ofisoshin da talaka ya yanke ƙauna da su. Ɗora wa fim laifi hanya ce mai sauƙi ta kauce wa waɗannan. Infoma kuma yunwa da kwaɗayi da hassada ne suka yi shi.

Suna da nasu binciken. A 2009 masana tattalin arziki biyu, Gordon Dahl da Stefano DellaVigna, sun duba alƙaluman laifuka na Amurka daga 1995 zuwa 2004, suka ga cewa a ranakun da jama'a suka fi cika silima don kallon finafinan faɗa, laifukan duka da rauni raguwa suke, ba ƙaruwa ba. Dalilin a fili yake: matasan da suka fi saurin rigima suna zaune a kujera, ba sa mashaya, ba sa titi. Haka nan ƙauran da ya ƙura wa waya ido a teburin mai shayi, a wannan daren dai bai tare kowa ba.

Sun kuma ce an gwada hani an gani. A Satumbar 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Isma'il Na'abba Afakallahu, ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a finafinan Kannywood. Ƙwacen waya bai tsaya ba, har a Mayun 2023 gwamnatin jihar ta ayyana shi a matsayin fashi da makami.

Hujjarsu ta ƙarshe daga addini suka ɗauko ta. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya kashe rai casa'in da tara, ya cika na ɗari da mai ibadar da ya ce masa ba shi da tuba, sannan wani malami ya buɗe masa ƙofa, kuma rahama ta riske shi. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, littafin da iyayenmu suka karanta a firamare, shi ma jarumi ne da ya zubar da jini ya ƙare da komawa ga Allah. Jihar da ke da ɗimbin samari riƙe da bindiga a daji dole wata rana ta iya hasko mutumin da ya ajiye makami ya koma uba da maƙwabci. Idan labari bai iya hasko shi ba, ta yaya gari zai karɓe shi?

Masu adawa: tuba ba haka take ba

Wannan ce maganar da ta fi tayar musu da jijiyar wuya. Mutumin hadisin, in ji su, ya faɗi laifinsa da bakinsa, an umarce shi ya bar garinsa, ya kama hanya, ya mutu a kanta. Jarumin fim ɓoyewa ya yi, ya ci gaba da cin dukiyar da ya tara da jini, da asirinsa ya tonu kuma sai ya wanke tsohon kisa da sabon kisa. A shari'ar Musulunci jinin wanda aka kashe haƙƙin magadansa ne: su nemi ƙisasi, su karɓi diyya, ko su yafe. A fim wa ke yafewa? Matar makashin da 'ya'yansa. A Athadu kakan gidan da aka yaudara ya yafe, jami'in binciken da Prakash Raj ya fito a matsayinsa ya ƙyale Nandu ya tafi, amma ba a nemi ko mutum ɗaya daga iyalan waɗanda ya kashe don kuɗi ba.

Dabarar da ake yi kuwa ita ce a tabbatar wa mai kallo cewa duk wanda aka kashe ya cancanta. A True Lies matar ta tambayi mijin ko ya taɓa kisa, ya amsa da cewa e, amma duk miyagu ne, aka yi dariya. Miyagun fim ɗin kuwa Larabawa ne Musulmi, abin da ya sa ƙungiyoyin Larabawa da Musulmin Amurka suka yi zanga-zanga a kansa tun a 1994. Wato wani ne ya zaɓa mana wanda mutuwarsa za ta ba mu dariya, kuma ya zaɓi mai kama da mu.

Katsinawa sun ga tuban da ba a tambayi wanda aka zalunta ba. Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da 'yan bindiga a 2016, ya sake a 2019, daga baya ya fito ya ce sun ci amanarsa. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, ya miƙa makamai a Zamfara a Fabrairun 2021, ya rantse da Alƙur'ani, bai cika wata uku ba ya koma daji, can aka kashe shi. A 2025 ƙananan hukumomi irin su Jibiya da Batsari da Ɗanmusa sun shiga sabon sulhu, mutane suka ga waɗanda suka raba su da 'yan'uwansu sun zo taro da bindigogi a kafaɗa. Matar da ke haɗuwa da makashin mijinta a kasuwa ba ta buƙatar fim ya koya wa 'ya'yanta cewa shi ma mutum ne mai ban dariya.

Tankaɗe da rairaya

Akwai hujjojin da ba su tsallake rariya ba a kowane ɓangare. Cewa waɗannan finafinai ne ke haifar da 'yan bindiga ko infoma magana ce marar ƙafa, kuma masu adawa na kirki ba su ma yin ta. Cewa wasa ne kawai, ba ya barin komai a zuciya, ita ma ba ta da ƙafa, musamman daga bakin mutanen da suka gama yabon darasin son iyali da fim ɗin ke koyarwa. Abin da ke iya koyar da alheri yana iya koyar da kishiyarsa.

Binciken Dahl da abokinsa awanni ya auna, daren kallo da wayewar garinsa, a silimar da ake sayen tikiti. Wanda ya auna shekaru shi ne na Rowell Huesmann da abokan aikinsa, da aka buga a 2003: sun bi yara tun daga ƙarshen shekarun 1970 har suka girma, suka ga waɗanda suka fi kallon tashin hankali, musamman masu ɗaukar kansu kamar jarumin, sun fi nuna zafin hannu a girmansu. Wasu masana sun soki irin wannan bincike da cewa tasirin ƙarami ne, kuma mai yiwuwa yaro mai rigima ne tun asali ke neman fim ɗin rigima. Duka biyun a Amurka aka yi su. Abin da za a iya ɗauka ba tare da zuƙi ba shi ne babba ba ya cikin wani hatsari na a-zo-a-gani, yaro ƙarami kuwa akwai dalilin a sa masa ido. A kan yara, ni ina tare da masu adawa, kuma nauyin na uba da yaya da mai shagon turi ne, tunda ba hukumar da za ta iya binciken kowane memori.

Inda masu adawa suka fi ƙarfi ba maganar kwaikwayo ba ce, maganar gidan wa aka shiga da kyamara ce. Mun san sunan jaririn makashi, mun san abin da matarsa ke dafawa, wanda aka harbe kuwa ko suna ba shi da shi. Sai dai nan ma masu goyon baya suna da abin cewa, kuma ban ga an ba su amsa mai gamsarwa ba. Waɗanda za su iya shiga ɗaya gidan da kyamara, su ba da labarin infoma ta bakin maƙwabcinsa ko na tubabbe ta bakin gwauruwar da ya bari, 'yan fim ɗinmu ne, su kuma aka ɗaure wa hannu da hani irin na 2021, alhali na waje na shigowa ta intanet ba shamaki. Hanin da aka yi don kare mai kallo ya bar shi da labarin ɓangare guda.

Shin dariyar baligi a kan irin wannan fim hutu ce daga fargaba, ko sabo ne da ita? Ina zaton ta danganta da wanda ke dariyar da abin da ya same shi, kuma ɗalibin makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya da manomin da ya biya kuɗin fansar ƙaninsa ba za su ba da amsa ɗaya ba.

Akwai kuma mutum guda da ɓangarorin biyu suka tsallake, ita ce matar. A fim takan yi fushi na ɗan lokaci, ta huce, wani lokaci ma ta karɓi bindiga ta taya shi. Mata masu kallo sun fi tsayawa a kanta fiye da jarumin. Wasu na cewa tunda bai taɓa cutar da ita ba, kuma don ita ya bar sana'ar, ta rufa masa asiri ko don 'ya'ya. Wasu na cewa shekarun da ta ci ta sha ba da sani ba babu laifi a kanta, amma daga ranar da ta sani, kowace loma da kowane zani tambaya ce, shirunta kuma ya sa ta cikin lamarin. A garuruwan da ake kama mata da zargin kai wa daji abinci da fetur, ake kuma zargin wasu da sanin abin da mazajensu ke yi, wannan gardama ta fi ta maza zafi, kuma ba a majalisar mai shayi ake yin ta ba.